Galmar da Ta Shiga Talabijin

Tun da nake, ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In yana nemana sai ya ce wa wanda ke kusa, "Ku kiro min wancan." In kuwa daga ni sai shi a maƙera, gyaran murya kawai zai yi, ni kuma in san da ni ake. Na tashi a haka, na yi aure a haka, har na ajiye 'ya'ya, ban ɗauki abin a bakin komai ba. Duk Runjin Sambo an san haka manya suke yi.

Abin da ke sosa mini rai shi ne Auta. Tsakanina da shi duk mata ne, don haka da ya zo sai aka ɗauke shi kamar ƙwai a cokali. Shi Baba yana kiran sunansa da ƙarfi tun daga zaure, yana yi masa dariya, har kwano ɗaya suke ci. Ni tun ina ɗan ƙarami nake jan zugazugi, hayaƙin gawayi ya jiƙa mini ido, amma shi makaranta aka tura shi ya karanta aikin lantarki. Ban ce bai cancanta ba. Yaro ne mai kai, ga fara'a, kowa nasa ne. Wannan ma shi ya fi ba ni haushi, don da mugun hali gare shi da na sami abin kamawa.

Maƙerarmu a ƙofar gida take. Baba yana ƙera galma da lauje da gatari, manoman Wamakko ne yawancin masu zuwa wurinsa. Ni kuma na ƙara da walda, ina haɗa ƙofofi da tagogi a gefe.

Wata rana da hantsi Auta ya zo ya tura mini waya a fuska ina tsakiyar aiki. Wai wani gidan talabijin ya shirya gasa, kowa ya ƙera injinsa da hannunsa, a zuba su cikin keji su yi ta dukan juna har ɗaya ya kasa motsi. Su masu gasar mutum-mutumi suke kiransu, amma ni ban ga mutum a ciki ba, akwatunan ƙarfe ne masu taya, ana sarrafa su daga nesa da rimot.

Na ce, "Kai dai ba ka da aikin yi. Damben ƙarfe kuma?"

Ya ce, "Yaya, kalla dai tukun."

Na kalla don ya rabu da ni. Wani yana da zarto mai juyawa, wani guduma, wani har wuta yake fesawa. Amma da na ƙura ido sai na lura duk wannan burga ce. Wanda ke cin nasara shi ne mai shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɗaga shi ya kifar. Na ce a raina, ai wannan aikin galma ne. Galma me take yi in ban da ta shiga ƙarƙashin ƙasa ta juye ta? Tun daga lokacin abin ya shiga raina, ya hana ni sakat.

Gaskiya a faɗe ta, ba kyautar gasar ce ta ja ni ba. So nake in yi abu ɗaya a duniya wanda Baba ba zai iya kawar da kai daga gare shi ba. In aka nuna shi a talabijin, duk gari suka gani, ai dole ya buɗe baki ya ce wane ne ya yi.

Muka raba aiki. Auta ya ɗauki wayoyi da rimot da batir, ni kuma duk abin da yake ƙarfe. Na hau babur na bi wurin masu sayar da tsoffin ƙarafa a hanyar Kalambaina, na tono sifirin na babbar mota da injinan waifa masu goge gilashi na matattun motoci. Jikin kuwa tsohuwar tukunyar gas na samu, na cika ta da ruwa kafin in sa mata abin yanka, don ba na son in tashi unguwa. Da na raba ta biyu na kife rabin a kan tayoyi sai ta fito sak kunkuru. Yaran unguwa suka sa mata wannan suna, ya kuwa bi ta.

Bakin gaba shi ya sha mini rai. So nake ya yi faɗi kamar galma, ya kwanta har yana shafar ƙasa, kuma ya yi taurin da zarto ba zai ci shi ba. Na farko da na ƙera ya yi tauri da yawa, ina dukansa da masaba don gwaji ya tsage. Na biyu ya yi laushi, ya lanƙwashe. Ga zafin bazara, ga zafin wuta, rigata kullum sharkaf. Baba yana zaune a kan buzunsa kusa da uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, yana aikinsa kamar bai san abin da nake yi ba. Rannan na zaro ƙarfen daga wuta zan tsoma a baƙin mai, sai na ji ya ce wa Auta, "Ka ce ma wancan wutar ta yi yawa."

Ina tsaye a gabansa fa! Da ya miƙa hannu da ya taɓa ni. Auta ya juyo yana danne dariya ya ce, "Yaya, wai wutar ta yi yawa." Na ce na ji, ba kurma ba ne ni. Amma na rage wutar. Na bar ƙarfen ya yi ja kamar cikin kankana, na tsoma bakin kaɗai, na bar zafin bayan ya sauko a hankali, sannan na nutsar da shi gaba ɗaya. Wannan karon na doke shi da masaba har hannuna ya yi tsami, ko gezau. Na saci kallon Baba. Yana can yana wasa lauje.

Sai batun tuƙi. Dokar gasar ita ce mutum ɗaya ke riƙe rimot a gaban kyamara, ɗayan ya zauna a baya wurin gyara. Na ce ai ni ne babba, ni zan riƙe. Muka gwada a tsakar gida. Na danna gaba, kunkuru ta yi hagu, na danna hagu, ta kwasa da gudu ta daki randar Inna, ruwa ya malale har ƙofar ɗaki. Inna ta fito tana salati. Auta ya karɓi rimot, da yake yatsunsa sun saba da wasannin waya, sai ga kunkuru tana zagaya turmi tana juyi kamar mai rai. Na miƙa wuya, amma wallahi kamar na haɗiyi garwashi.

A Abuja aka yi gasar. Muka naɗe kunkuru a buhu muka sa a bayan mota. Ni abin da na gani na gasar nan kaɗan ne, ta wani ɗan allo da aka rataye mana a wurin gyara. Ina jin ihun 'yan kallo ta bayan bango, ina ganin Auta yana tsalle a allon. Da an gama zagaye sai a turo mini kunkuru a lotse, tana wari, in duƙa in buga, in ɗaure, in yi walda, a sake ɗauke ta. Har yau akwai tabon ƙuna a damtsena na ranar. Kunkuru ta yi ta shiga ƙarƙashin injinan mutane tana kifar da su har muka kai wasan ƙarshe.

A ƙarshen aka haɗa mu da wani mai zarto, wanda duk ya yayyanka waɗanda ya haɗu da su. Ya taho da ƙara kamar injin markaɗe ya sauka a kan bakin galmata. Tartsatsi ya tashi. Da ya lafa sai ga haƙoran zarton a warwatse a ƙasa, bakin galma kuwa zane kawai ya yi. Ni kaɗai a bayan bango na yi kabbara. Sai dai girgizar ta cire wata waya a ciki, kunkuru ta tsaya cak, aka ƙirga mana, muka zo na biyu. Waya kuwa ba aikina ba ce. Na dai faɗa.

Duk da haka mutanen talabijin suka ce labarinmu ya fi burge su, 'ya'yan maƙeri daga Sakkwato, za su zo har gida su ɗauki hoton maƙera su haɗa da shirin. Na ce alhamdulillahi, ga ranar da nake jira. Na je aski. Na ɗinka sabon kaftani. Matata ta goge mini hula tana tsokanata wai ko aure zan ƙara.

Suka zo da safe da motarsu da igiyoyinsu, unguwa ta cika. Mai gabatarwa wata budurwa ce mai Kananci, baki kamar an kunna rediyo. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya zauna kusa da uwar maƙera. Na tsaya a damansa, Auta a hagunsa, kunkuru a gabanmu. Budurwar ta durƙusa ta gaishe da Baba, sannan ta miƙa masa abin magana ta ce, "Baba, wa ya ƙera wannan bakin da ya karya zarto?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Aikin yara na."

Ta ce, "Wanne daga cikinsu, Baba?"

Ina roƙonsa a cikina, ko ba suna ba, ko da haɓa ya nuna ni. Amma mutumin da bai iya kiran sunana daga ni sai shi, yaya zai yabe ni a gaban kyamara da mutanen unguwa? Ko kallon inda nake bai iya yi ba. Ya rasa yadda zai yi da tambayar, sai ya ɗora hannu a kafaɗar Auta ya ce, "Ga wanga nan, ku tambaye shi."

Ni na san nufinsa, a tambayi Auta ya yi bayani. Duk wani ɗan unguwa da ke wurin ya san nufinsa. Ita ba ta sani ba. Ta tafa hannu ta ce, "Allahu akbar, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" Kyamara ta juya gaba ɗaya kan Auta. Shi kuma, Allah ya sani, ya buɗe baki ya ce, "A'a, ai yayana ne ya..." Ta katse shi da dariya ta ce, "Kun ga tarbiyya? Ga basira, ga ladabi." Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. In tsallake Baba in ce ni ne? A gabansa in yabi kaina?

Ba a gama da ni ba. Mai kyamara ya dube ni ya ce, "Malam, ɗan taimaka ka ja mana wannan abin iskar, muna son wuta ta tashi a baya." Da sabon kaftanina na durƙusa na ja zugazugi, Auta yana riƙe da masabata yana ɗan ƙwanƙwasa ƙarfe mai sanyi ana ɗaukarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar Asabar bayan la'asar aka nuna shirin. Aka fito da talabijin ƙofar gida, aka tayar da janareta, aka shimfiɗa tabarmi. Maganar da Auta ya fara a kaina ma an yanke ta. Aka nuna fuskarsa cike da allo, muryar budurwar nan tana cewa matashin da ya gaji ƙira ya haɗa ta da ilmin zamani. Ni kuma gwiwar hannuna ce ta fito a gefe, tana sama tana ƙasa. 'Yata ta yi ihu daga cikin yara, "Ga hannun Babanmu can!" Mutane suka fashe da dariya. Na yi yaƙe, na tashi na shiga gida kafin a gama.

Daga nan rayuwa ta yi mini ɗaci. Ko'ina na bi, Auta. A masallaci a tare ni a ce, "Kai, ƙanenka ya fitar da mu kunya, Allah ya yi masa albarka." In ce amin, in wuce. Waɗanda suka ga ina dukan ƙarfen nan da idonsu ma sai da suka fara shakka, tunda ai talabijin ta faɗa. Makarantu suka riƙa gayyatarsa ya yi wa ɗalibai magana. Wani ya zo har maƙera, ya wuce ni ina walda, yana tambaya ina injiniya. Shi kuma Auta duk inda ya je sai ya ce yayansa ne ya yi ƙarfen, su kuma su ƙara yabonsa da tawali'u. Baba kuwa in an yi masa barka sai ya yi murmushi ya ce, "Auta ai akwai ƙoƙari." Wannan murmushin shi ke kashe ni.

Na daina zama inda Auta yake. In ya yi sallama in amsa a ciki. Ya same ni rannan ina yankan ƙarfe ya ce, "Yaya, wallahi ina faɗa musu."

Na ce, "Wa ya aike ka? Je ka, kar ka makara, ana jiranka a yi hoto."

Ya tsaya jim, idonsa ya cika, ya juya. Na ji ba daɗi, amma ban kira shi ba. Kishi nake yi da ƙanena, ɗan da na goya a wuyana na kai shi kallon kokawa, kuma na san kishi nake yi. Sanin bai rage mini komai ba.

Na kai ƙara wurin Inna, ita ma da take kunyata amma dai tana saurare. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai hwa babba na. Mi kaka so, ya tashi ya yi maka kirari?"

Na ce, "Eh! Sau ɗaya dai, Inna. Sau ɗaya!"

Ta ajiye rariya ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Shi ma ubanshi bai taɓa yi mai ba." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Na fita a fusace na kwance kunkuru. Na mayar wa Auta wayoyinsa da batir ɗinsa a cikin leda, na ɗauki bakin galmar nan na wurga shi kan tarin ɓaragurzan ƙarfe da muke tara wa 'yan gwangwan. Na ce su narkar da shi su yi tukunya, ni dai kar in sake ganinsa.

Washegari na fito aiki sai na gan shi a rataye a bango, a saman inda Baba ke zama, kusa da tsohuwar masabar kakanmu wadda ba mai taɓawa. An goge shi, an shafa masa mai, zanen zarton yana sheƙi. Maimakon in ji sanyi sai wuta ta ƙara ruruwa. Na ce wato yanzu har bango an ba Auta. Na juya kujerar waldata yadda zan ba shi baya.

Damina ta matso, manoma suka fara zuwa gyaran kayan aiki. Wata safiya wani tsoho daga Wamakko, wanda ya daɗe yana sayen galma wurin Baba, ya jingine kekensa ya zauna suka gaisa. Ba shi da talabijin, bai san an yi wata gasa ba. Ina gefe ina haɗa taga, na kashe injin don in canza sandar walda, shi ya sa na ji su. Tsohon ya tashi ya ciro bakin galmar nan daga bango, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa ya kara a kunne, ya bi zanen da babban yatsa.

Ya ce, "Wanga ƙarhe ya sha wuta yadda ya kamata. Irin wagga galma nika so bana, gonata duk tsakuwa ta. Yaushe ka ƙera ta?"

Baba ya ce, "Ba ni na ba. Wanga hannu ya hi nawa."

Na daskare da sandar walda a hannu.

Tsohon ya ce, "To, ko Auta?"

"Auta tuƙi ya iya."

"To wa?"

Baba ya juya wajen wuta. Ya gyara zaman gawayi da awartaki, ya daɗe yana gyarawa. Sannan ya yi gyaran murya.

Tsohon bai gane komai ba, yana ta jiran amsa. Ni na gane. Na ajiye sandar na taso. Na durƙusa na gaishe da tsohon. Baba, idonsa a kan wuta, ya ce masa, "Hwaɗa mai yadda kaka son ta."

Ba kyamara a wurin, ba 'yan unguwa, ba Auta. Daga mu sai tsoho da kekensa da akuyar maƙwabta tana cin leda. Har gobe in aka maimaita shirin nan tashi nake yi in bar wurin, kuma har gobe a gari Auta ne ya ƙera kunkuru. Wannan bai warke ba, ba zan yi ƙarya ba.

Na zaɓo sifirin mai kyau na tura cikin wuta, na juya zan zagaya wurin zugazugi kamar yadda na saba tun ina yaro. Sai na tarar Baba ya riga ni. Ya tashi daga kan buzunsa, ya bar mini wajen uwar maƙera da masabarsa a ajiye, ya naɗe hannun riga ya durƙusa ya kama zugazugi. Idona ya cika da ruwa, na ce wa tsohon hayaƙi ne.

Baba ya fara ja, bai dube ni ba. Ya ce wa tsohon, "Tambaye shi, wutar ta yi ko a ƙara?"